Furfurar Baba

Daren Laraba, Roni, ƙarshen damina

Har yanzu hannuna baƙi ƙirin, sabulu ya kasa.

Yau na gama zanen Baba. Shekara uku da rasuwarsa, ba mu da hotonsa ko ɗaya, don bai taɓa yarda ya tsaya gaban mai hoto ba. Na bi yadda aka koya mana a kwalejin horon malamai: na shafe takarda da gawayi, na murje da auduga, sannan na riƙa fito da haske da robar goge fensir. Gawayin daga murhun Inna na tsinto, robar kuwa na fiƙe ta da reza don ta shiga lungun ido.

Kwana huɗu ina fama. Goshi ya fito, hula ta zauna, amma mutumin da ke kallona baƙo ne.

Da la'asar Inna ta same ni a zaure, ta daɗe tana dubawa.

"Ai wannan baffanka ne na Gwiwa," in ji ta.

Na ji kamar in yage takardar. Na ce, "Inna, me ya rage?"

"Miƙo abin gogewar."

Ita da ba ta taɓa riƙe fensir ba! Ta ɗora robar a gefen hagu na gemunsa, ta ja sau biyu. Furfurar nan ce da na manta. Sai ga Baba.

Inna ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Malam."