Ramar da Ban Yi Miki Bayaninta Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kama sunansa ba saboda alkunya. Yau wata bakwai da rasuwarki, kuma akwai maganar da ya kamata in yi miki tun kina raye, ban yi ba. Ita zan yi yanzu, ko da jama'a na karantawa.

Kin san yadda na koma bayan na samu aiki a sakateriya a Kazaure. Zaman kujera tun safe, tsire da lemon kwalba da yamma, tuwo malmala uku kafin in kwanta. Tumbi ya fito, har aka fara kirana Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Idan na zo Roni ranar Asabar, ba kya kallona ido da ido, sai na juya baya ki leƙo ta labule. Ƙanwata Binta ce take gaya min cewa kina ce wa maƙwabta wancan ya samu hutu, Allah ya rufa masa asiri. Ƙibata ita ce abin alfaharinki.

Abin da ba ki sani ba shi ne ruku'u ya fara yi min wuya. In na hau benen ofis sai na dafa bango na huta. Wata rana jiri ya kwashe ni a sahun sallar Azahar, aka kai ni asibiti. Likita ya ce jinina ya hau sosai, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Ya tambaye ni abin da ya kashe mahaifina, na ce shanyewar ɓarin jiki. Ya dube ni, ya ce in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki.

Haka na fara gudu, Inna, ni da gemuna da 'ya'ya huɗu. Da an idar da sallar Asuba sai in sa takalmin roba in bi bakin dam. Ranar farko ban kai nisan daga gidanmu zuwa rijiyar unguwa ba na zauna a kan dutse ina haki kamar tunkiyar da aka koro daga gona. Wani mai babur ya tsaya ya ce in hau ya kai ni in sauri nake. Wata tsohuwa mai tallar ƙosai kuwa sai da ta waiga ta ga ko wani abu ne ya biyo ni. Na sha dariyar mutane, ban fasa ba. Na bar zaƙi, na rage tuwo, na koma zogale da wake. Kafin shekara tela ya rage min riguna sau biyu.

Ni ina murna, ashe ke hankalinki ya tashi. A wurinki babu mai ramewa sai mai ciwo ko mai baƙin ciki. Ga shi ba za ki iya tambayata kai tsaye ba, ni kuma ban saba zama in yi hira da ke ba, daga gaisuwa sai in koma zaure. Da farko kika ce a bincika ko ana ba ni abinci a gidana, har matata Zulai ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure. Sai aike ya fara zuwa a motar kasuwa: man shanu a kwalba, fura, wani lokaci kaza ɗaure da ƙafa. Maƙwabtana suka yi ta sa miki albarka, domin su suke cinyewa.

Na aiki Binta ta gaya miki motsa jiki nake yi, ban ce ta ambaci likita ba don kada ki tuna da Baba. Amsar da kika ba ta har yau tana kunnena: “Magidanci ya fita titi yana gudu ba abin da ya koro shi? Haka kuka ce min ciwon ubanku gajiya ce.” Gaskiyarki ne. Mun ɓoye miki ciwon Baba har ya faɗi, don me za ki yarda da mu a karo na biyu?

Laifina na gaba shi ne wanda ya fi ci min rai. Duk zuwan da na yi sai ki sa a kawo min tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. In yi loma uku in rufe. Binta ta ce ina fita kike buɗe kwanon, ki daɗe kina kallon abin da ya rage. Maimakon in cire kunya in shigo ɗakinki in zauna in warware miki komai, sai na zaɓi mai sauƙi, na rage zuwa. Asabar ta koma ƙarshen wata, ƙarshen wata ya koma sai da dalili. Ina gudun kwanon tuwo, na bar uwata da zullumi.

Ciwonki bai wuce kwana uku ba, tsakiyar damina. Na iso kin daina magana, a daren kika cika. Washegari na ɗauki makararki tun daga ƙofar gida har maƙabarta, ana ta cewa in ba wani ya karɓa, na ƙi. Na shiga kabarin da kaina na karɓe ki. Ko haki ban yi ba, Inna. Ƙarfin da na yi shekara ina tarawa, abin da na fara yi miki da shi ke nan.

Sai bayan sadakar bakwai Binta ta faɗa min sauran. Ta ce wata biyar kina azumin Litinin da Alhamis saboda ni, ke da gyambon ciki ya hana ki cikakken azumin Ramadan. Ta ce kin hau bayan babur har Gwiwa ranar kasuwa, wurin wani malami, kika karɓo min rubutu, kika rasa yadda za a ba ni in sha. Kuma maganar ƙarshe da kika yi da hankalinki ita ce: “In na tafi ku matsa wa wancan ya je asibiti.”

Na je, Innata. Likita ya auna ni, ya ce jinin ya sauka, sugan ya ja da baya, har ya rage min magani. Na fito da takardar a hannu na tsaya a bakin titi inda motocin Roni suke lodi, na yi kuka kamar yaro. Lafiyata ƙalau, Inna. Tun lokacin da kike azumin nan lafiyata ƙalau. Zama ɗaya a bakin gadonki ya isa ki sani, na hana ki.

Ki yafe min. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa yunwar da kika sha domina ta zama nauyi a mizaninki. Allah ya haɗa mu a Aljanna, in zauna kusa da ke ba a zaure ba, ki dube ni da kyau ki ga na warke.

Ɗanki mai neman gafararki,
Ɗan farinki, daga Kazaure.