Muryar Ulya

Rechitsa,
ƙarshen Maris.

Zuwa ga ƙawata Marila,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Anton da kuliyoyin nan naki marasa kunya. Ya sanyin Hrodna? Nan ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina caɓi. Kina dai shan ƙwayar maganinki kowace safiya, ko sai ranar da kika tuna? Na san halinki sarai.

Na ga kiranki ban ɗauka ba, kada ki yi fushi. Kin san yadda muke a waya: ni ina raɗa da wannan ragowar muryar tawa, ke kina ta "Me? Me kika ce?" har mu gaji. Wannan maganar kuwa ba zan iya faɗinta sau biyu ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar 'yata Ulya ce, Marila. Ranar Asabar ina yi mata kitso, ta ɗaga kai tana zuba mini labarin dinyar nan tata, Janar, yadda ya kori mai kawo wasiƙu har bakin titi. Ta haɗiye yawu, sai na ga wani abu ya motsa a gaban wuyanta. Na kai yatsa. Ƙullutu ne kamar ƙwayar wake, daidai inda nawa da naki suka fito. Na ce mata hannuna ya gaji, na shige banɗaki na sakar wa famfo ruwa don kada ta ji ni.

Mun je asibitin Homel. Sun ɗauki hoto, sun soka allura sun ɗebi kaɗan, amma sun ce ba su iya tantance ko ciwon daji ne ko ba shi ba. Sai an cire rabin tsokar maƙogwaron an duba. A Minsk za a yi, asibitin nan da aka yi mana namu aikin.

Likitan Homel yaro ne, ko gemu bai gama fitowa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, wai gubar da ta shiga madarar da muka sha muna yara, lokacin da tashar nukiliya ta Charnobil ta fashe, ta daɗe da mutuwa, kuma yaran da aka haifa bayan shekaru ba su gadonta. Na ce masa, "Likita, uwata ma an ce ta kwantar da hankalinta. Cewa aka yi ta rufe taga kawai." Ya sunkuyar da kai. Na san ba laifinsa ba ne, wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Amma wa zai koya wa irinmu yarda?

Rihor kuwa sai faskare. Itacen da mijin nan nawa ya tara yanzu zai kai mu sanyin baɗi da na bayansa. Surukata Mama Stefa kuwa, kin tuna ita ce ta ce wa ɗanta lokacin aurenmu 'yan matan Charnobil ba su haihuwar lafiyayyu? Da aka gaya mata, ta ajiye saƙarta, ta kalli ɗankwalin da ke wuyana, ta tashi ta fita. Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar ta yi shiru. Ulya fa, wadda maƙwabta ke sanin ta farka tun daga ƙarshen layi! Yanzu sai nuni da hannu da ɗaga kai. Kin san tun tana rarrafe da ƙararrawar tagulla nake kiranta, tunda ba ni da muryar ƙwala kira. Da, in na kaɗa, sai ta amsa da ihu daga bayan lambu. Jiya na kaɗa, sai kawai na gan ta tsaye a bayana.

Tsoro nake ji. Ina tsoron ciwon, ina tsoron wuƙar, kada ta taɓa jijiyar murya yadda ta taɓa tawa. Ki kunna mana kyandir a cocinku. Ki gai da Anton.

Taki,
Taisa.

Minsk,
tsakiyar Afrilu.

Marila 'yar uwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Anton. Wasiƙarki ta same ni, da safar ulun da kika saƙa wa Ulya, na gode. Sauran gaisuwar ki biyo ni bashi, don bakina cike yake: ta yi magana! Ta yi magana, Marila, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a rage hayaniya!

Bari in bi miki a hankali.

Ranar da za mu taho ina shirya mata jaka, na ji wani abu mai tauri cikin safa. Na zazzage, sai ga wata 'yar ƙararrawa, irin wadda masunta ke ɗaura wa sandar kamun kifi. Ashe musaya ta yi da wani ɗan ajinsu, ta ba shi fensiran kalarta. Na ce, "Ke, wannan fa?" Ta matso kunnena ta yi raɗa, irin tawa sak: "Ta kiranki ce, Mama. In an yanka ni ai ni ma muryata za ta tafi. Sai ki kaɗa taki, in kaɗa tawa." Shirun nan duk da ta yi, wai gwaji take yi don ta saba. Yarinya 'yar shekara tara! Na rungume ta, ban san lokacin da na jiƙe mata gashi ba.

Asibitin an yi masa fenti, an sa labule masu hoton zomaye, amma warin nan yana nan. Ina shiga na koma 'yar shekara goma. Gadonki na bakin taga, wanda kika hana ni ko zama a kai, yanzu wani yaro mai ƙiba ne a wurin. Na tsaya a inda gadon ƙawarmu Tonya yake. Kin tuna yadda take jera mu gaban madubi bayan an cire ɗinki, tana cewa mu 'yan gata ne, gwamnati ta raba mana sarƙar wuya kyauta? Mu uku muka yi dariyar, mu biyu muka girma.

Da safen aikin sai ga Mama Stefa, ta biyo motar farko, ba wanda ya gayyace ta. Na ɗaure fuska. Aka tura Ulya ciki, Rihor ya fita waje yana zagaya mota kamar wanda ya yar da makulli. Muka rage ni da ita a benci. Can ta kamo hannuna. Ta ce, "Taisa, 'yata, ki gaya mini gaskiya. Ni ce ko?" Na ce ita ce me? Ashe duk lokacin kaka in ta shiga daji ta tsinko laimar kwaɗi, wadda na hana a shigo mini da ita gida saboda gubar da take zuƙa daga ƙasa, takan soya wa Ulya a gidanta a ɓoye. Tun ranar da ta ji labari ba ta iya cin abinci. Ni ina nan ina cewa jinina take zargi, ita tana can tana zargin kaskonta. Na so in yi faɗa, Allah ya sani na so. Sai na ga tsohuwa duk ta zabge. Na ce, "Mama, in haka ne sai mu raba laifin, ki ɗauki rabi." Ta yi dariya tana kuka, ta ciro gurasa da gishiri daga jaka muka ci.

Da azahar aka fito da ita. Likitar da ta yi aikin, wata doguwar mace mai furfura, ta ce ta ga jijiyar da idonta, siririya kamar zare, ta kuma kauce mata, amma ba a tabbatarwa sai yarinya ta buɗe baki. Ulya ta farka. Likita ta ce, "Ulyana, ce 'aa' mu ji." Shiru. Rihor ya ce, "'Yar Baba, ko sau ɗaya." Shiru. Sai ta lalubo 'yar ƙararrawarta a ƙarƙashin matashi ta kaɗa, idonta a kaina. Tsoron gwadawa take yi.

Sai Mama Stefa ta gyara zama, ta kalli ɗanta kamar ba komai ta ce, "To, Rihor, tunda mai dinya ba ta da bakin hanawa, ka wasa mini wuƙa. Janar ya yi ƙiba, da shi za mu yi bikin sallamarta."

"Kaka, kar ki taɓa mini Janar!"

Marila, muryar a shaƙe take kamar ta tsohon zakara, ta kuma ji zafi har ta yi hawaye, amma murya ce, cikakkiya, har yaron gadonki ya firgita. Rihor ya zauna daɓas a ƙasa. Likita ta ce ita dai a aikinta ba ta taɓa ganin an gwada jijiya da dinya ba. Ni kuwa na kifa kaina a kan ƙafafun yarinyar.

Saura sakamakon abin da aka cire. Sun ce sai an yi haƙuri. Ban manta da shi ba, yana nan zaune a ƙirjina, amma yau dai na ci abinci har na nemi ƙari. Ulya ta ce a gaya wa Inna Marila safar ta yi mata yawa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Taki har kullum,
Taisa.

Rechitsa,
farkon Mayu.

Ƙawata, 'yar gadon bakin taga,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi barci ta ƙoshi. Ya gida, ya Anton da ciwon bayansa? Ya naki jikin? Kin je awon wuyanki na bana kuwa? In ba ki je ba ki je, kada ki sa in zo in ja ki da kaina. Nan shamuwa sun dawo kan turken wutar ƙofar gidanmu, mun shuka dankali.

Ba ciwon daji ba ne.

Na sake rubutawa don ni ma in gani: ba shi ba ne. Likita ta ce ƙullutu ne irin wanda kan fito wa kowane yaro a ko'ina, ba ruwansa da Charnobil, ba ruwansa da jinina, ba ruwansa da kaskon Mama Stefa. Rabin da ya rage zai yi mata aiki. Za a riƙa dubawa, amma da alama ba za ta rayu a kan ƙwaya irin tamu ba.

Ina wurin aiki wayar ta shigo. Kin sha yi mini tsiya cewa na zaɓi aikin ɗakin karatu ne don nan kaɗai ake biyan mutum ya yi raɗa. To, ina tsaye tsakanin kantoci, tsofaffi sun duƙufa a kan jaridu, likita ta gama magana ta kashe. Marila, ihu ya taso mini tun daga cikina. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Tun ina 'yar shekara goma ban taɓa jin haushin rashin muryar nan kamar ranar ba. Sai na tuna ƙararrawata tana jaka. Na ciro ta na shiga kaɗawa da hannu biyu, ina zagaya tebura, ni da nake harar mutane in sun yi tari! Wani tsoho ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa, ya zaci gobara ce. Shugabarmu ta fito a guje, ta kalli fuskata, ta ce, "Kaɗa, Taisa, kaɗa abinki."

Na karanta abin da kika rubuta, cewa da kika ji labarin Ulya kin ce wa Anton kin gode Allah da ba ku haihu ba, daga baya kuma kika ji kunyar kanki. Kada ki ji. Tare muka yi wannan tsoron, ke kika bi shi ta hanyarki, ni ta tawa, ba wadda ta fi wata hankali. Abin da aka ƙwace mana an ƙwace, wannan sakamakon bai dawo da muryata ba, bai dawo da Tonya ba, bai ba ki shekarun da kika yi kina juya maganar a ranki ba. Amma a kanmu ya tsaya, Marila. Bai tsallaka ba.

Na saya wa Ulya ɗankwalin wuya mai furanni don komawa makaranta. Ta kalle shi ta ce, "Na mene ne?" Wai ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu kerkeci ne ya cafke ta ta ƙwace, har layi suke yi don ganin tabon. Ta ce nawa ya fi nata tsawo, don me nake ɓoye shi, ai ni kerkecin nawa ya fi girma. Ranar Lahadi na je kasuwa wuyana a buɗe. Iska ta yi ta taɓa wurin, wani iri na ji. Mai sayar da kabeji ta kalla, ta ja kwalar rigarta ƙasa ta nuna mini nata, ta ƙara mini ɗaya a kan na kuɗina.

Ki zo mana a lokacin zafin bana, don Allah. Mama Stefa ta yi alkawarin wainar dankali, ta kuma rantse a gaban gunkin Maryamu ba ta ƙara shiga daji da kwando, ko da yake ban yarda da ita ba. Ki taho da audugar toshe kunne. Yanzu haka yarinyar tana bayan gida tana rera waƙa, ba daɗi ko kaɗan, maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce ko za a rage. Na ce masa a'a.

'Yar ƙararrawar tata kuwa, ta ɗaura wa Janar a wuya. Ta ce ita ba ta da abin yi da ita.

Taki mai ƙaunarki,
Taisa.