Hannuwana da Man Jojoba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da Auta. Yaya ƙafar Baba?

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Hannuwana sun tsattsage. Wankin kai nake yi a shagon gyaran gashi tun safe, sabulu da maganin miƙar da gashi sun cinye mini fata. Amma ina ci ina sha, kada ki damu.

Da can ni ke shafa wa mata man jojoba bayan wanki, saboda amosanin kai da bushewar gashi. Mai ne marar nauyi, ba ya danƙo. In na gama ba na wanke hannu, sai in murza ragowar cikin tsagar, zafin ya lafa. Rannan wata mata ta janye kanta ta ce, "Yarinya, da dutsen goge kaushi kike shafa ni?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Uwar ɗakina, mai shagon, ta mayar da ni wajen wanki kaɗai, ta ce in hannun bai yi laushi ba, sai dai in koma gida. Kwalbar man kuwa tana kabad a kulle.

Ki ce wa Inna ina lafiya. Ki sa ni a addu'a.

Gobe zan buɗe wa uwar ɗakina tafin hannuna in roƙi ɗan ɗigon man. Na gwada maganar a gaban madubi, har yanzu ban iya jera ta ba. Duk da haka zan je.

Ƙanwarki.