Mu Biyar a Ƙarƙashin Ƙafar Ƙarfe

Guangzhou, 3 ga Maris

Maman Madina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Madina da Hajiya. Yaya ƙafar Hajiya? Ni lafiya, sai gajiyar da kika sani.

Na samu wani aiki bayan tafintar kasuwa. Wani lawban, wato maigida da Sinanci, yana ƙera mutum-mutumin roba na yara, kowane kwali da littafin zane a ciki. Yana son na Hausa, ni ke cika maganganun. Wanda ya koyar da adabi shekara goma sha ɗaya yau yana rubuta ƙarar faɗuwar bene.

Labarin na wasu ƙattin ƙarfe ne masu tsawon hasumiya, suna yaƙi kan abin da ko lawban bai sani ba. A gefe akwai jarumai biyar 'yan Adam. Mai zanen ta zo kasuwar Canaan ta kwafi fuskokinmu, mu Hausawa biyar. Isufu ɗan Maraɗi an ba shi ƙarfin ɗaukar gini. Ya ce dama dako ya zo yi, ko a littafi ba a sauke masa ba. Ni, da furfurata da tabarau, baiwata in hango bala'i minti ɗaya kafin ya sauka. Kin ga ba su ƙara mini komai ba.

Na ba Maidaji, mai sarin kayan nan zuwa Kano, littafi uku ya kawo wa Madina.

Naki,
Abdulrasheed

Guangzhou, 20 ga Mayu

Maman Madina,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Saƙonki ya iso, kuma ya zauna mini a ƙirji. Kin ce Madina na yawo da littafin a Islamiyya, tana gaya wa ƙawayenta shekara huɗun nan Abbanta tare hanyar ƙatti yake yi, shi ya hana shi dawowa. Na yi dariya, sannan na kasa cin abinci.

Ga kuma sabuwa. Lawban ya ce yara ƙattin ƙarfe suke saye, mutane kuwa meyo, wato babu kasuwa. A littafi na ƙarshe ƙafar ƙato za ta sauka kanmu mu biyar. Isufu ya tayar da jijiyar wuya, ya ce wa ya taɓa zana mutuwar mai rai, wannan ai mugun fata ne. Lawban ya yi murmushi ya zuba masa shayi. An riga an gama zanen.

Ni ba fatan ke damuna ba. Littafin zai shiga kasuwar Kano, kuma 'yar shekara bakwai za ta buɗe shi.

Ki sa ni a addu'a.

Abdulrasheed

Guangzhou, 2 ga Yuni

Maman Madina,

Gaisuwa da fatan alheri. An buga littafin.

Shafin ƙarshe hayaƙi ne kawai da sawun ƙafa, sai fili a ƙasa inda zan rubuta cewa jaruman sun halaka. Na zauna a gabansa tun hantsi har azahar. Daga baya na rubuta cewa da hayaƙi ya washe ba a ga kowa ba, domin dattijon ya hango abin, ya ja 'yan'uwansa, sun bar wa ƙatti yaƙinsu sun koma gida.

Na fassara wa lawban kalma da kalma. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce muddin sun bar masa littafinsa, su tafi inda suka ga dama.

Sai da na ga an loda kwalayen na gane abin da na jawo wa kaina. Madina za ta karanta cewa Abbanta ya koma gida, sannan ta ɗaga kai ta duba tsakar gida.

Kayan za su yi kwana arba'in da biyar a ruwa kafin Legas. Na miƙa wa Isufu 'yan kasuwar da nake wa tafinta, na yanki tikiti na ranar ashirin ga Yuli. Ban san me zan yi a Kano ba, kada ki tambaye ni tukuna. Ki dai gaya wa Hajiya, ki kuma ce wa Maidaji ko kwalayen sun riga ni, kada ya buɗe ko ɗaya.

Mijinki,
Abdulrasheed