Yaya ya mayar da Babanmu ɗan kasuwa a tarihin Auta

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in ɓata da babban yayanmu. Autanmu soja ne, ya rasu a fagen daga shekara huɗu da suka wuce, yana da shekara ashirin da biyu a duniya. Alhamdulillahi mun dangana. Yanzu in an ambace shi a gidanmu dariya ake yi, don shi ma bai san zaman shiru ba.

Makarantar da ya yi za ta rataye hotonsa a ɗakin karatu, sun ce mu rubuto tarihinsa shafi ɗaya, a karanta a gaban jama'a. Yaya, da yake shi ne mai aikin ofis, ya karɓe rubutun. Da na karanta sai da na riƙe baki. Wai Auta natsattse ne, haziƙin ɗalibi! Yaron da ya maimaita aji sau biyu? Wannan na yi dariya na wuce. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ya rubuta wai Baba ɗan kasuwa ne.

Anti, Baba gyaran takalma yake yi, shekara talatin a kan benci ɗaya, gindin matakalar wani shago. A can Auta ya girma, hannu duk gam da baƙin man takalmi. Ko da ya zama soja, in ya zo hutu, tuɓe kaki yake ya karɓi allura ya ce Baba ya huta. Abokan aikinsa da suka zo gaisuwa sun ce har a daji shi ke ɗinke musu takalma. Baba bai iya karatu ba, amma zai zauna a layin gaba, kuma kunnensa garau. Na yi wa Yaya magana, ya ce raini ne ba ya so a jawo mana. In yi shiru ne?

Yayar Auta

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Auta. Na ji daɗi da kika ce kuna tuna shi da dariya.

Kada ki yi shiru, amma kada ki tafi da faɗa. Ina zaton yayanku ya sha tsokana yana yaro a kan sana'ar nan, tsohon ciwo ne yake karewa, yana ganin mutunta Baba yake yi. Ki same shi ku biyu, ban da sauran dangi. Ki bar masa “haziƙin ɗalibi” in ya nace, malaman sun san gaskiya, murmushi kawai za su yi.

Maganar sana'a kuwa ba ta Yaya ba ce, ba taki ba ce. Ku je wurin Baba tare, shi Yaya ya karanta masa takardar da bakinsa, ku tambaye shi yadda yake so a kira shi. In Yaya ya ji nauyin karanta wannan layin a gaban mutum ɗaya, to ya san bai kamata a karanta shi a gaban ɗari ba.

Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Baba lafiya.