Na Kwaikwayi Yatsun Likita a Kan Yayana

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa.

Ni ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji. Yayana da muke ciki ɗaya 'yan bindiga suka ɗauke shi daga gona bara da kaka, shi da maƙwabcinmu. Shi ya dawo, maƙwabcin bai dawo ba. Mutumin da ke cika majalisa da dariya ya koma zaman ɗaki, in ya ji ƙarar moto sai ya faɗa bayan rumbu. Ni da nake cin abinci da moto, sai dai in kashe shi tun daga bakin rijiya in turo shi gida.

Mun yi abin da kowa ke yi. Inna ta nemo rubutu da hayaƙi, na kai shi asibiti a Maraɗi aka ba shi ƙwayoyi. Tsakani da Allah ƙwayoyin sun taimaka, ya samu barci, ya daina ihu, amma ya yi nauyi kamar buhun gero, ka yi masa magana sai an jima ya amsa. Sai muka ji wata likitar ƙwaƙwalwa tana zuwa garin kusa da mu ranar kasuwa da wani sabon magani, ba allura ba ƙwaya. Yaya ya riƙa bin amalanken 'yan kasuwa, ni in biyo daga nesa. Da farko ba abin da take yi sai hira, da koya masa jan numfashi, da cewa ya tuna wurin da hankalinsa ke kwanciya. A raina na ce wannan ɓata lokaci ne. Daga baya ta fara sa shi ya tuna ranar da aka kama shi, tana kaɗa yatsu biyu a gaban fuskarsa, dama da hagu, yana bin su da ido. Wallahi na ga canji. Rannan Yaya da kansa ya ce in goya shi zuwa Cadakori gaisuwar mutuwa, ya hau bayana, ni ina tuƙi ina hawaye.

Sai hanya ta ɓaci, likitar, da muke ce wa madam, ta ce za ta dakata da zuwa. Ta ce ya ci gaba da ƙwayoyinsa da numfashinsa, kada a taɓa maganar daji sai ta dawo. A gabana ta faɗa.

Ga inda na cuce shi. Ni tun ina yaro da ido nake koyon abu, gyaran moto ma ba wanda ya koya mini, tsayawa na yi ina kallo. Damina ta sauka, gonarsa na jira, ƙwaya na sa shi barci har hantsi. Na ce wai mene ne a kaɗa yatsa? Ni ba ni da yatsun ne? Na kwashe ƙwayoyin na ɓoye, na ce masa madam ta yi waya ta ce a daina sha, kuma in ci gaba da yi masa aikin.

Ya dube ni ya ce, "Ita tac ce haka?"

Na ce, "Ita tac ce, Yaya."

Ya ce, "To, in dai kai na, ban jin tsoro."

Na zaunar da shi ƙarƙashin gawo a gona, na ce ya tuna ranar, na fara kaɗa yatsu. Ya bi su, ya soma magana, ya faɗi yadda aka ɗaure su da igiya ɗaya shi da maƙwabcinmu, da yadda ya kwana ɗaure da maƙwabcin bayan ya cika. Bai taɓa gaya wa kowa a gida ba. Sai numfashinsa ya sarƙe, idonsa na kaina amma ba ni yake gani ba, ya damƙe hannuna yana roƙona in kwance shi. A nan na gane jahilcina. Ranar kasuwa ce madam take zuwa, da ta fara kaɗa yatsu nake zamewa in ɗauki fasinja, in dawo in tarar da shi a natse yana shan ruwa. Na ga yadda take fara zaman, ban taɓa ganin yadda take dawo da mutum ba. Na tsaya ina kiran sunansa kamar wawa.

Tun ranar ba ya barci, ba ya cin abinci sai an matsa, matarsa ta kwashe yara ta koma ɗakin Inna. Kawunmu ya zo ya duba shi ya ce, "Maganin asibitin ga ya kasa, tsoho da sabo duka. Iskokin daji na sunka biyo shi." Inna ta yarda, tana kuka tana cewa madam ce ta tono abin da Allah ya rufe. Ina zaune ana ɗora wa baiwar Allah laifina. Sun yanke ranar Juma'a za a kai shi wajen wani malami can wajen Gangara, inda ake sa wa marasa lafiya mari a ƙafa. Kawu ya ce ni zan nemo igiyar da za a riƙe shi da ita a hanya.

Ƙwayoyin suna nan ƙarƙashin kujerar motona, ina tsoron mayar masa da su ba da sanin likita ba. Lambar madam na wayata, na kira na katse kafin ta ɗauka, kunya ta hana ni. In na faɗi gaskiya, Inna za ta iya yafe mini? Yaya zai sake yarda da wani a duniya, tunda ni ma na yi masa ƙarya? In na yi shiru kuma, mutumin da igiya ta haukata za a sake ɗaure shi.

Jiya na kai masa fura, ya riƙe gefen rigata ya ce a hankali, "Ƙanena, kai kaɗai ka san abin da anka yi min. Kar ka bari su ɗaure ni."

Yau Laraba. Me zan yi?