Shayin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Masu gaisuwa sun ragu. Kowa ya zo da likitancinsa. Gwaggo ta ce ai dama jikin Yaya ya yi masa yawa, tana faɗa tana kallon ƙanwarmu Auta. Auta ta ajiye cokali.

Mutum ya faɗi a bakin motarsa, makulli a hannu, ko arba'in bai kai ba. Abin da mutane suka riƙe kuma faɗin wandonsa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na koma jami'a, na koyar da lissafi, muryata ko rawa. Da yana nan sai ya ce, "Farfesa, ke ko kuka sai kin nemi izini a rubuce."

Asabar, 15 ga Maris

Likitan zuciya ya nemi a kai masa 'yan uwan mamaci. Wai a awon bugun zuciyar da ya yi wa Yaya bara, lokacin da zuciyar ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba ya yi tsawo. Ƙiba kan ja shi, wani lokaci gado ne. Ya ce masa ya dawo, bai koma ba. Na san dalili, cewa Yaya zai yi: "A sake ɗora ni kan ma'auni kamar buhu?"

Auta ta ce ba inda za ta. "Anti, ko ciwon kunne na kai musu, rage ƙiba za su ce. To ai ina ragewa."

Tana ragewa kuwa. Gwaggo ta kawo mata wani shayin rage jiki. Yini take tsakanin ɗaki da banɗaki, ba ci. Mama har murna take, wai wuya ya fara fitowa.

Lahadi, 16 ga Maris

Takalman Yaya na nan a bakin ƙofa. Kowa tsallakewa yake.

Laraba, 19 ga Maris

Na ce wa Auta tsoro nake ji, ta raka ni. Ta dube ni kamar na yi wani yare, amma ta ɗauko jaka.

Nawa awon lafiya lau. Tunda mun zo, ta yarda a yi mata. Rigar asibitin ta ƙi haɗuwa a bayanta, na tsaya na kare ta da jikina. Nas na liƙa mata wayoyi a ƙirji tana ce, "Sannu 'yar lukuta."

Likita ya daɗe kan takardar, yana bin zanen nan mai kama da haƙoran zarto da bakin biro. Ƙiba ko sau ɗaya bai ambata ba. Sai ya ce wa Auta, "Me kike sha?"

Irin wannan shayi, in ji shi, wanke gishirin jini yake yi, wanda zuciya ke aiki da shi. Ga mai irin zanen Auta, ja ne zuwa inda Yaya ya je. A zubar yau, ta ci abinci, za a auna jini. Rage jiki sai a hankali, shi zai tsara.

Wato duk gidanmu mun dage muna ceto ta, muna tura ta.

A mota ta ce, "Anti, irin nasa ne ko?" Na ce ta ɗaura bel.

Lahadi, 23 ga Maris

Gwaggo ta zo da sabon kwalin shayin. An ce har maƙwabta sun ji muryata. Ban yarda ba, ni ba na ɗaga murya. Mama ba ta yi min magana, ta dai zuba wa Auta abinci da hannunta.

Da rana barci ya kwashe Auta a kan kujera, hannunta bisa cinyata. Na riƙe wuyan hannun, don kada ya zame ne kawai. Yana bugawa. Takardun ɗalibai sa jira.